Numfashin Mai Walda

Ranar da kwamfutar Auta ta ƙone, a ranar aka fitar da Baba daga ɗakinsa.

Ba da faɗa aka yi ba. Mama ce ta shigo bayan la'asar, ta zauna a bakin gado, ta shiga gyara masa robar da ke kai masa iska hanci, abin da ba ta saba yi ba. Baba ya bi hannunta da kallo. Sun haura shekara arba'in tare, ya san in ta fara da kyautatawa to akwai magana a baya.

"Baban Auta, yaron nan tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

"Me ya same shi?"

"Na'urarsa ce ta ƙone. Wai zafin ɗakin baya ne ya yi mata yawa. Ka san tagar ɗakin 'yar mitsitsiya ce." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Shi ne na ce, tunda kai kwanciya kawai kake yi, ko za ku yi musaya."

Yaron da ake magana a kansa shekararsa talatin da biyu, da gemunsa cif. Ba ya fita aiki. Wasan gem yake yi a kwamfuta, wai ana kallonsa daga nesa. Shi kuwa Baba shekara talatin da takwas ya yi yana walda, har hayaƙin ƙarfe ya cinye masa huhu. Yanzu rayuwarsa tana rataye da wani inji mai kamar ƙaramin akwati, wanda ke tace iska ya turo masa oksijin ta robar nan. Likita ya ce kada injin ya tsaya, dare da rana.

"In zafin ɗakin ya ƙona ƙarfe," in ji Baba, "ni da nake nama fa?"

Mama ta yi dariya. "Kai dai ba ka rabo da zolaya. Na ɗan lokaci ne. Za a sa maka fanka."

Kafin magariba an gama kwashe shi. Auta da kansa ya turo injin, yana cewa, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya," idonsa kuwa yana kan bangon da zai jingina teburinsa. Ɗakin bayan yana manne da kicin. In Mama ta ɗora mai a wuta, ƙaurin ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, ya zauna wa Baba a ƙirji kamar an ɗora masa dutse.

Bayan kwana huɗu ranar ganin likita ta zo. Likitan ƙirji sau ɗaya a wata yake ganinsa, kuma daga sha biyun rana ya tashi. Tun takwas Baba ya shirya. Aka sauya masa robar daga injin zuwa ƙaramar tukunyar oksijin ta tafiya, wadda ba ta wuce awa biyar. Auta ne zai tuƙa shi a tsohuwar motarsa, amma sai wajen tara da rabi ya fito yana hamma.

Da suka zo mararrabar da ake karyawa asibiti, sai ya miƙe.

"Ka wuce hanya."

"Minti biyar, Baba. Kasuwar 'yan kwamfuta ce nan gaba. Abu ɗaya zan karɓa."

Ya ajiye motar a rana, ya shige wani shago. Minti biyar ta zama goma, goma ta zama rabin awa. Kujerar motar ta ɗauki zafi, gilashin gefen Baba kuma ya daɗe da daina sauka. Da ya ji kamar ana gasa shi, sai ya buɗe ƙofa, ya jawo tukunyar, ya nufi shagon yana dafa motocin mutane. Taku goma ne, amma sai da ya tsaya sau biyu.

Mai shagon ya gan shi ya yi saurin miƙo masa kujera. "Sannu, Baba. Zauna nan, kusa da fanka."

Auta bai juyo ba. A kan gilashin kanta an jera wasu alluna uku baƙaƙe, kowanne cike da ƙananan ƙarafa da ramuka da layukan zinariya siri-siri. Madabod suke kiransu, wato allon da ake dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa. Irinsa ne ya ƙone a gida.

"Wannan na farko lafiyayye ne," mai shago ya ci gaba da bayani, "amma na mai haƙuri ne. In za ka ƙure mata gudu, ba zai yi wata uku ba. Na tsakiyan nan kuwa, dubi kaurin ƙarafan da ke kansa. Su suke shanye zafi. Ga masu rarraba wuta nan a jere, goma sha shida. Ƙofar wuta biyu gare shi zuwa firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar."

"Na ukun fa?"

"Na ukun sai mai zuciya. Yana da maɓallin da in ka ƙure ta ta ƙi tashi, dannawa kawai za ka yi ta dawo hayyacinta."

Auta ya ɗauki allon tsakiya. Da yatsu ya riƙe shi ta gefe-gefe, a hankali, ya ɗaga shi saitin haske, ya hure wata 'yar ƙura da ta sauka a kai. Baba ya daɗe bai ga hannun ɗansa ya riƙe wani abu da irin wannan tausayi ba. Ɗazu da zai shiga mota, ko gwiwar hannunsa bai kama masa ba.

"Mene ne kuma ƙure gudu?" Baba ya tambaya.

"Ai Baba, kamfani yana yanka wa ƙwaƙwalwar kwamfuta iya gudun da za ta yi," in ji mai shago. "Su kuma 'yan gem sai su matsa mata ta wuce haka. Sai ta riƙa shan wuta da yawa, tana zafi. Shi ya sa ake neman allo mai juriya."

"A walda ma, in ka ba ƙarfe wutar da ta fi kaurinsa, huda shi za ka yi."

Mai shago ya tafa hannu. "Baba ya san aiki!" Ya juya wajen Auta. "Amma fa in gaya maka gaskiya, duk wanda ka ɗauka a cikin biyun nan ba ya son wuta mai rawa. Ɗaki mai sanyi, sannan ka ɗora ta a kan inbata. In aka ɗauke wuta tana tsakar gudu, ba ruwana."

"Akwai inbata a gida," in ji Auta.

Inbata ɗaya ne a gidan, da batir biyu. Babbar 'yarsa, wadda kowa ke kira Yaya, ita ta sa aka haɗa shi saboda injin numfashinsa, don in an ɗauke wuta kada ya tsaya.

Ya duba agogon tukunyar. Allurar ta fara leƙa ja.

"Auta. Lokaci."

"Yanzu, Baba."

Aka ɗauko kwali aka karanta. Aka kira wani abokin Auta a waya, shi ma ya kawo nasa ra'ayin, cewa na ukun ya fi ramukan ƙara kaya. Aka yi ta musu a kan ko zai shiga akwatin da ke gida. Aka ɗauko magwaji aka auna. Can mai shago ya kalli Baba, ya rage murya.

"Malam, mahaifin naka fa leɓensa ya sauya kala."

Auta ya waiga, kallo ɗaya. "Haka yake yi, ya saba. To tsakani da Allah, in kai ne, wanne za ka ɗauka?"

Na ukun ya ɗauka. Sun isa asibiti sha biyu da rabi. Matar da ke ba da kati ta ce likita ya tashi, sai wata mai zuwa. A hanyar gida tukunyar ta ƙare. Baba ya jingina kai da gilashi yana jan numfashi ta baki, kwalin allon kuma yana kujerar baya, an ɗaure shi da bel kada ya girgiza.

"Cunkoson motoci ne ya riƙe mu," Auta ya gaya wa Mama.

Mama ta kalli kwalin, ta kalli mijinta. "Allah sarki. Hanyar nan kullum haka take."

Baba ya kawar da kai. Ko ya so faɗa, babu iskar faɗar.

Kwana biyu Auta ya yi yana haɗa kwamfutar. Da ta tashi, har Mama aka kira ta gani: akwati mai gefen gilashi, fankoki shida suna juyi, fitilu suna sauya launi. Ta dawo tana ba Baba labari kamar an yi haihuwa a gidan. Da yamma kuma Baba ya ga Auta yana jan wata baƙar waya mai kauri a tsakar gida, daga inda inbatan yake zuwa ɗakin da ya karɓe.

Baba ya kira shi. Baban ne ya ja wutar gidan nan da hannunsa, ya san abin da kowace waya za ta iya ɗauka.

"Batirin nan, injina kaɗai yana kai shi awa shida. In ka ɗora taka, awa biyu ba zai yi ba."

"Baba, wannan ba wutar walda ba ce. Zamani ya canza."

"Wuta wuta ce."

"To ai ba kullum ake ɗaukewa ba."

Kullum ake ɗaukewa. Wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci wuni guda. Baba ya koyi saurare irin wanda bai taɓa yi ba. Da zarar fankar ɗakin ta tsaya, sai ya kasa kunne. In ya ji gurnanin fankokin Auta daga can, ya san an fara cin rabonsa. Bayan awa ɗaya da rabi inbatan zai fara kuka, tit, tit, tit. In Allah ya taimaka aka dawo da wuta, shi ke nan. In ba a dawo ba, komai ya mutu, sai ya ji Auta ya buga tebur yana tsaki, shi kuma ya zauna a bakin gado, hannu biyu a kan gwiwa, yana ƙirga numfashi har a kawo.

Ya yi wa Mama magana.

"Sana'arsa ce fa," ta ce. "Kai da kake walda, wa ya hana ka jan wuta? Akwai wata gasa da zai shiga. In ya ci, shi ne zai riƙe mu gobe."

"In na kai goben."

"Haba, daina irin wannan fatan. Kuma ka gode wa Allah yana gabanmu. 'Ya'yan wasu suna can bakin titi suna shaye-shaye. Shi me ya yi? Yana ɗaki."

"A cika min tukunyar, to."

"Gobe zai kai."

Goben ba ta zo ba. Ranar farko wai motar ba mai. Rana ta biyu wai masu cikawar ba su buɗe ba. Daga nan aka daina ba shi dalili, sai dai a ce masa, "Ai ana sane."

Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga. Ya daina kwanciya sosai, sai a jingine da matasai uku. Salla ta koma a zaune. Magana ma ya fara yanka ta gunduwa-gunduwa, kalma biyu ya huta, kalma uku ya huta. Mama ta ce tsufa ne. Auta ya ce damuwa ce ya sa wa ransa, in ya daina kallon injin zai ji sauƙi.

Ranar Asabar Yaya ta zo. Malamar makaranta ce, gidanta yana can ƙarshen gari, ga 'ya'ya uku, ba ta samun zuwa sai jefi-jefi. Tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofa Baba ya ji Auta yana naɗe baƙar wayar da sauri.

Ta tsaya a bakin ɗakin baya, jakarta a hannu. "Me Baba yake yi a nan?"

"Shi ya ce ya fi son nan," in ji Mama daga bayanta. "Wai ya fi shiru."

Yaya ta durƙusa a gabansa, ta taɓa ƙafarsa, yatsanta ya bar rami a kumburin. "Haka ne, Baba?"

Ya kalle ta. Ya san halinta. In ta ji, sai rufin gidan nan ya ɗaga, kuma ita da ƙaninta ba za su ƙara shan inuwa ɗaya ba har bayan ransa. Sannan ga kunya. Mutumin da ya riƙe garejin walda da ma'aikata goma, yau ya buɗe baki ya ce wa 'yarsa an fi ƙarfinsa a gidansa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya gyaɗa kai.

"Me likita ya ce?"

"A ci gaba... da magani."

"Inbatan yana riƙewa dai?"

"Lafiya lau," Mama ta amsa masa.

Da za ta tafi ta leƙa ɗakin Auta, ya nuna mata fitilu, har ta yi murmushi ta ce, "Kai dai ba ka girma." Baba yana jin ƙarar rufe ƙofar gida sai ya ji kamar ya kira ta. Ya buɗe baki. Tari ne ya fito.

Ranar gasar Alhamis ce. Tun tara na safe aka ɗauke wuta, rana kuma ta fito da fushi. Auta ya kunna kwamfutarsa wajen sha ɗaya. Sha biyu da 'yan mintoci inbatan ya fara kukansa.

Sai ga Auta a ɗakin baya, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

"Baba, ya jiki?"

Ya durƙusa. Baba ya ɗauka gaisuwa ce, har zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Sai ya ga hannun ya wuce ƙafarsa, ya nufi soket. Gurnanin injin ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit.

"Awa ɗaya kawai, Baba. Wasan ƙarshe ne. In ta mutu a tsakiya an cire ni, duk wahalar da na sha ta tashi a banza. Ka ɗan yi amfani da tukunyar."

"Babu... komai... ciki."

"Akwai saura, na girgiza na ji."

Ya tura injin gefe don ya samu hanya, ya fita. Mama tana tsaye a bakin ƙofa, mayafinta a kafaɗa. Ta ga komai.

"Ka daure, Baban Auta. Yanzun nan za su kawo wuta." Ba ta yarda sun haɗa ido ba. "Bari in je kanti in karɓo maka maganin tari."

Akwai maganin tari a kan taga, kwalba ko rabi ba ta yi ba. Ya ji fitarta.

Ya miƙa hannu wajen soket ɗin, ya mayar da filogin, ya danna. Shiru. Auta ya cire layin ɗakin tun daga jikin inbatan. Ya jawo tukunyar ya murɗa, ta yi ɗan huci kamar na kyanwa ta mutu.

Minti goma na farko ya yi abin da aka koya masa a asibiti: a ja ta hanci, a sake ta baki a hankali. Daga nan abin ya ƙi. Ƙirjinsa ya zama kamar an ɗaure shi da waya ana murɗawa. Gumi ya jiƙa masa riga. Farcensa ya yi shuɗi. Ya kira, "Auta," amma shi kansa da ƙyar ya ji muryar. Ya ɗauki kofin silba ya buga a jikin gado, ya sake bugawa. Daga can ɗakin sai ihun Auta yake ji yana ba abokan wasansa umarni, "Ta hagu! Ku bi ta hagu!"

Wayarsa tana kan teburin falo, inda Mama ta kai ta caji tun jiya.

Ya miƙe, ƙafafun suka ƙi. Sai ya sauka ƙasa. Da gwiwa da tafin hannu ya fita daga ɗakin, robar tana jan ƙasa a bayansa. Daga ƙofarsa zuwa ta Auta taku goma sha biyu ne, shi ya auna su lokacin gini. Inbatan yana can gaba da falo, ya san ba zai kai ba. Ya bi baƙar wayar, yana ja, yana kifewa, yana tashi. Wani wuri ya kwanta da kumatunsa a kan siminti, ya ji sanyinsa, ya ji kamar ya zauna a nan kawai a gama. Sai kuma wani abu mai kama da fushi ya ɗaga shi.

Ƙofar a buɗe take. Ga gadonsa na da an jingine shi a bango, ga tagoginsa biyu an rufe da labule mai kauri. Auta ya ba shi baya, manyan iyafis sun rufe masa kunnuwa, kafaɗunsa suna rawa. Akwatin gilashin yana ƙasa kusa da ƙafarsa, yana ta sauya launi.

Baba ya miƙa hannu zai taɓa ƙafar kujerar. Bai kai ba. Abin da hannunsa ya kai shi ne wayar. Ya naɗe ta a yatsunsa, irin riƙon da yake yi wa ƙarfe, ya fizga da duk abin da ya rage masa.

Fitilun suka mutu. Fankokin suka yi ta lafawa har suka tsaya.

Auta ya yi wata ƙara, ya cire iyafis ya yi jifa da su. Ya juyo ya ga mahaifinsa kwance a ƙasa, wayar a hannunsa. Baba ya ga idonsa ya sauka a kansa, ya kuma ga ya tashi. Auta ya tsallake shi, ya durƙusa gaban akwatin, ya buɗe gilashin, ya kai hanci yana shinshina ko allon ya ƙone.

"Baba, me ka yi? Me ka yi min?"

Wannan ne abin ƙarshe da Baba ya ji.

Ya farka a asibiti bayan kwana biyu, da abin rufe hanci da baki, da ƙarin ruwa a hannu. Daga baya ya ji cewa maƙwabcinsu, wani direban tasi, shi ya ɗauko shi, bayan Auta ya fito yana kiran a taimaka. Yaya tana zaune a gefen gadon, idonta jawur. Mama tana ƙarshen gado. Auta yana jingine da bango.

Likitan ya zo da takarda a hannu. "Zuciyarsa ta wahala sosai. Awa nawa ya yi babu oksijin? Kuma me ya sa bai zo ganina ba wancan watan?"

"Wuta aka ɗauke, likita," in ji Mama. "Tun safe."

"Ba ku da inbata?"

"Batirin ne ya yi sanyi."

Yaya ta ɗago kai. "Batirin da ko shekara bai yi ba?"

Likita ya yi rubutu ya wuce.

Da yamma tsofaffin abokan sana'arsa biyu suka zo dubiya, mutanen da suka yi shekaru suna walda a layi ɗaya. Suka yi masa sannu, suka yi masa tsiya cewa ƙarfe ma bai kayar da shi ba balle gado. Sannan babban cikinsu ya juya wajen Auta, ya dafa kafaɗarsa.

"Kai kuma Allah ya yi maka albarka. Ba kowane ɗa ne zai ajiye neman duniya ya zauna gida jinyar uba ba. Namu duk sun watse. Kai ka ji daɗi, Mai Walda, ka haifu."

Auta ya sunkuyar da kai. "Amin, Baba. Ai wajibi ne."

Mama ta ce, "Wallahi yana ƙoƙari."

Baba ya kalli silin. Ya yi shiru a shago, ya yi shiru a gaban kwali, ya yi shiru a gaban 'yarsa, kowane shiru kuma an karɓe shi an ɗora masa wani a kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɗaga hannu ya janye abin da ke fuskarsa.

"Baba, mayar," in ji Yaya.

Ya girgiza kai. Ya nuna Auta da yatsa.

"Shi... ya cire." Ya ja iska. "Injina. Ya sa... nasa." Yatsan ya koma kan Mama. "Tana... tsaye."

Hannun tsohon ya sauka daga kafaɗar Auta a hankali. Yaya ta mayar wa mahaifinta abin numfashin, ta gyara igiyar a bayan kunnensa, sannan ta miƙe.

"Awa ɗaya kawai na ce," in ji Auta. "Ban san zai kai haka ba. Kuma ai ni na kira direban."

"Fita," ta ce.

"Yaya, ki saurara..."

"Fita tun ina ganin girman wurin nan."

Ya fita. Abokan Baba ma suka yi sallama a gurguje, ba su kalli Mama ba. Da ɗakin ya rage su uku, Mama ta matso kusa da kunnensa, tana hawaye.

"Yanzu abin da ka yi ka kyauta ke nan? Ka tona wa ɗanka asiri a gaban baƙi? Da wane ido zai fita unguwa?"

Baba ya rufe ido.

Da aka sallame shi, Yaya ba ta yi shawara da kowa ba. Ita da mijinta suka matsar da kujerun falonsu, suka kafa masa gado a gindin taga. Ranar da ta je da mai gyaran wuta don a kwance inbatan, Mama ta biyo ta har bakin mota.

"Duka za ku ɗauka? Ko batir ɗaya ba za ku bar masa ba? Allon fa Allah ya taimaka bai ƙone ba, amma ba ya son wuta mai rawa."

Yaya ta kalli mahaifiyarta, ta daɗe tana kallonta. "Mama, ga wuri a motar. Mijinki yana can. Za ki zo?"

Mama ta waiga cikin gida. "In na tafi, wa zai dafa wa yaron nan?"

Wata biyu da kwana tara Baba ya yi a falon Yaya. Injinsa bai ƙara tsayawa ba ko na minti ɗaya, jikokinsa har rige-rigen duba masa robar suke yi. Amma abin da ya lalace a ranar Alhamis ɗin nan bai gyaru ba. Mama ta zo sau uku. Auta ya yi ta aiko da gaisuwa, yana cewa kunya ce ta hana shi zuwa, kuma zai zo in abubuwa sun lafa. Baba ya rasu wata safiya bayan jikokin sun tafi makaranta, kansa a kan hannun 'yarsa. Bai sake taka gidan da ya gina ba.

Ba a kama kowa ba, don ba a rubuta irin wannan a takardar asibiti. Abin da aka rubuta shi ne ciwon huhu. Auta yana nan a ɗakin mai taga biyu, ya samo wani inbatan, kuma an ce ya ƙware wajen ba mutane shawarar allon da zai jure zafi. Mama tana kai masa abinci har bakin tebur, ta ajiye a hankali kada ta katse masa wasa. In wata baƙuwa ta tambaye ta abin da ya yi ajalin maigidanta, sai ta share ido da bakin mayafi, ta ce wallahi sun yi iya ƙoƙarinsu, ita da yaron, wuta ce kawai aka ɗauke.